Ciyawa Ba Ta Da Ido

Rana ta yi ja, Mai Lambu na tsugune yana gauraya yashi da toka, sai ƙaninsa Auta ya zo ya tsaya a kansa.

"Yaya, akwatunan gobe ba su cika ba. Da ka leƙa gidan famfo ka yanko mana ciyawa kafin duhu."

Mai Lambu bai ɗago ba. "Ƙafafunka fa? Aro ka bayar?"

"Bayana ne. Tun safe kamar an kafa mini ƙusa."

Lambun nasu ne su biyu, gadon uba, a bakin titi tsakanin mai faci da wani shagon walda. Suna sayar da furanni da dashen itatuwa kamar kowa. Amma ba su ke tsayar da masu motoci ba. Ciyawar ce. 'Yar ciyawar daji ce da ba ta wuce gaɓar yatsa, mai laushi kamar sumar jariri, ba ta sanin rani. Ba ta yin iri. In ta daɗe a akwati sai ta gaji, dole a kawo sabon yaɗo daga uwar ciyawar. Uwar kuwa wuri ɗaya take, a wani kwari da aka kewaye da dakalin siminti, bayan tsohon gidan famfo da aka daina aiki da shi tun suna yara.

Raino take so. Taki na ƙona ta. Ruwan tsakar rana na dafa ta. Sai a shimfiɗa yaɗon a kan yashi da toka, a danna da tafin hannu, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu har ya kama. Ruwa da yamma, ta cikin rariya, kamar yayyafi. Mai gaggawa ba ya iya ta.

Ubansu ya bar musu ka'ida, kuma bai yi dogon bayani ba. Ka tuɓe takalmi a dakali. Ka shiga ka cire mata ƙaya, ka ba ta ruwa. Sannan ka fito ka yanki abin da ya tsallako waje. Na ciki ba naka ba ne. Da Mai Lambu ya taɓa tambayar dalili, tsohon ya ce, "Ciyawa ba ta da ido. Ƙafa ta sani." Ya ci gaba da aikinsa.

Da tsohon ya rasu Auta bai iya ɗaura wando ba. Mai Lambu ne ya raine shi, ya koya masa riƙe wuƙa, ya yi masa aure. Ba su taɓa sa-in-sa ba sai watan da ya wuce, da wani ɗan kwangila ya zo yana neman ciyawar da za ta rufe filin wani sabon otal gaba ɗaya. Mai Lambu ya ce babu. Auta ya ce ai uwar na can zube, babu mai ita. Mai Lambu ya dube shi sau ɗaya, maganar ta mutu. Tun daga nan Auta ya rame. Ba ya cin abinci. Kullum tsintsiya na hannunsa, yana kankare bakin ƙofar ɗakinsa.

Mai Lambu ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ya jawo silifas ɗinsa daga ƙarƙashin benci. Igiyar ɗaya a tsinke.

"Ɓera ne," in ji Auta da sauri.

Matar Mai Lambu na gefe tana cika ledojin dashe da ƙasa. Ta karɓi silifas ɗin ta juya shi. "Ɓeran lambun nan ya ci gaba. Har reza yake riƙewa."

"Kai Yaya, ke dai ba a raba ki da magana." Auta ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Ga nawa nan. Ai ma sun fi. An yi ruwa, hanyar duk laka ce da fasassun kwalabe."

Dogayen takalman roba ne, har gwiwa. Mai Lambu ya san su. Shi ya saya masa, shi kuma ya yi wa dunduniyar hagu faci da guntun taya, gicciye, sa'ad da ta ɓule. Auta ya durƙusa yana taya shi sawa. Hannunsa sanyi ƙalau.

"Mai ciwon baya da durƙuso," in ji matar.

Auta ya gama sa masa takalman. Ya riƙe ƙafar yayansa ɗan lokaci.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Babu komai. Allah ya tsare."

Mai Lambu ya soka wuƙa a ƙugu, ya ɗauki garwar ruwa, ya tsallaka titi.

Hanyar ta bi ta bayan shaguna, ta gangara ta gefen juji, ta shiga cikin dogayen ciyayi. Ƙarar walda ta yi ta raguwa har ta ɓace. Sai kukan kwaɗi da tsotson laka a ƙarƙashin roba. Iska na kawo warin tsatsa da ruɓaɓɓen ganye. Ruwan garwa na ta bugun gefe, yana fantsamo masa a wando.

Ya daɗe bai zo ba. Auta ne ya karɓi zuwan tun bayan maganar otal, wai don yayansa ya huta. A lokacin har Mai Lambu ya ce wa matarsa yaron ya fara hankali.

Rufin gidan famfo ya bayyana can gaba, baƙi, a jikin jan sama. Da sauran tafiya kafin dakali.

Kwaɗin suka yi shiru.

Ba ɗaya bayan ɗaya ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa.

Sannan ya lura lakar ta daina tsotso. Ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashinsa. Wani ƙamshi ya taso, ɗumi-ɗumi, irin na kan jinjiri mai shan nono. Ya san ƙamshin. Shi ke fita in an yanki saiwar ciyawar. Amma bai taɓa jin sa da yawa haka ba.

Ya dubi ƙasa.

Ciyawar ce. A nan, nesa da dakali, inda ba ta taɓa fitowa ba. Kuma ba a shimfiɗe take ba. Tsibi-tsibi ta fito, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a dama, a jere, ta nufi gari. Kowane tsibi siffar tafin takalmi ne. Na hagun duk da gicciye a dunduniya.

Ya daɗe yana taka ta bai sani ba. Shi dai a ransa dakali ne wurin tuɓe takalmi, haka ya saba tun yana yaro. Bai san iyakar ta tashi daga dakali ba.

Da mai hankali ne da ya juya. Amma uwar ta tsaya masa a rai. Ya ƙara sauri.

Ya iso dakali ya leƙa.

Babu ita.

An yanka ta da shebur, murabba'i-murabba'i, an naɗe an kwashe. Kwarin ya zama jar ƙasa tsirara, fararen saiwoyi na leƙowa kamar jijiyoyin nama. Ga sawun baro ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Ga sawun takalmi ko'ina, har tsakiya, inda ubansu bai taɓa shiga ba sai da bisimilla.

Mai Lambu ya dubi sawun da ke cikin kwari. Ya juya ya dubi wanda shi ya bari a baya.

Ɗaya ne.

Cikin sabon sawunsa kuwa wani abu na motsi. Koren tsiro na ɓullowa daga laka, yana miƙewa a kan idonsa.

Ya ɗaga ƙafa zai tuɓe. Ƙafar ta ƙi tashi.

Ya ja ɗayar. Ta ƙi.

Sai kuka.

Siriri, daga ƙasa. Kukan jinjirin da ya gaji da kuka, muryar ta dushe. Wani ya karɓa daga can gefe. Wani kuma a bayansa. Kwarin duka ya ɗauka. Babu komai a cikinsa sai jar ƙasa, amma ƙasar na lotsawa nan da can, ƙanana-ƙanana, kamar inda aka kwantar da wani abu.

Ƙofar gidan famfo ta yi ƙara.

Wata halitta ta fito, amma ba a tsaye ba. Da tafin hannu ta fito, tana lalube, tana shafa ƙasa. Doguwa ce, doguwa ƙwarai, gwiwar hannunta ta fi kanta tsawo. Gashinta na jan ƙasa, jiƙe, kore. Ta sauko cikin kwarin tana kauce wa wuraren da ke lotsawa, tana shafa kowanne. Da ta ɗago fuska sai ya ga baki, ya ga hanci. Sama da hanci fata ce sumul.

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Ta riga shi magana.

"Ka dawo," ta ce. Muryar kamar iska a cikin kara.

"Ba ni ba ne."

"Ƙafar ce."

Robar ta fara matse shi. Yana jin abu na huda tafin takalmin, siriri, da yawa, yana neman fata.

"Ka kwashe shimfiɗar 'ya'yana. A kan ƙasa suke kwana. Sanyi ya ɗauke mini ƙaramin." Ta matso. Numfashinta warin rijiya. "Kai za ka zama shimfiɗa."

Abin ya sami fatar hagu. Ya shiga.

Bai yi ihu ba. Ya zaro wuƙa ya sunkuya ya tsaga takalmin dama daga gwiwa har idon sawu. Wuƙar ta haɗa da nama, bai ji ba. Ya fizge ƙafar ya dira ta a kan laka, tsirara.

Kukan ya tsaya.

Tsit.

Hannu ya zo ta ƙasa ya kama idon sawunsa. Ya ɗaga ƙafar. Yatsu masu sanyi suka bi tafin, daga dunduniya zuwa yatsu, suna karanta kowane faso, kowace kanta.

"Wannan mai ruwa ne," ta ce a hankali. "Mai cire ƙaya."

Daga ƙasa ƙananan muryoyi suka maimaita. Mai ruwa. Mai ruwa.

Ɗaya hannun ya kama ƙafar hagu, wadda ke cikin roba. "To wannan ta wace ce?"

Mai Lambu ya dubi takalmin. Zufa na shiga masa ido. Ya tuna yaron da yake saɓawa a wuya ya kawo nan, yana nuna masa yadda ake danna yaɗo. Ya datse haƙora.

"Ba za ka faɗa ba?"

"A'a."

"Kana rufa masa asiri."

Ya ƙara damƙe wuƙar.

"Shi bai rufa maka ba." Ta karkata kai. "Ɗazu da rana wani ya tsaya can kan kwalta, inda ba ma jin ƙafa. Ya ɗaga murya ya ce, ku daina bin ƙofata, ba ni ba ne, zan turo muku mai takalman da magariba. Ku riƙe shi."

Saiwoyin da ke cikin ƙafarsa ba su kai wannan zafi ba.

Ya tuno hannun Auta a kan ƙafarsa. Ya tuno igiyar silifas. Allah ya tsare, in ji shi.

"Ƙarya ne," ya ce. Shi kansa bai yarda da muryarsa ba.

Ta ɗauki tsagaggen takalmin dama ta kifa hanci a ciki. Ta shaƙa, ta daɗe. "Akwai zufa biyu a nan. Taka ta yau ce. Ta ƙasa ta daɗe." Ta sake shaƙa. "Nono ɗaya kuka sha."

Ƙananan muryoyin suka soma kuka kuma, wannan karon kusa. Wani abu mara nauyi ya hau kan ƙafarsa ta dama. Wani ya kama wandonsa. Sanyi suke ji. Ɗumi suke nema. Ba ruwansu da wace ƙafa ce.

"An yi mini alkawarin shimfiɗa yau," ta ce. Hannunta bai saki hagun ba.

Garwa na gefensa. Bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Ya karkata ta a kan tafinsa, ya watsa ruwan ta tsakanin yatsu, a hankali, kamar yayyafi, dama da hagu, a kan jar ƙasa.

Abin da ke jikin wandonsa ya sauka.

Kwarin ya cika da ƙarar tsotso.

Ta juya kai wajen 'ya'yanta. Riƙon ya sassauta.

Ya soka wuƙa ya tsaga na hagun. Ya ja. Wani abu ya tsintsinke a cikin tafinsa kamar zare. Ya faɗi da baya a wajen dakali, ya miƙe, ya ruga.

Bai waiwaya ba. Kwalabe sun yanke shi, ƙaya ta soke shi. Ƙafar dama na ji. Ta hagu ba ta jin komai, kamar guntun icce yake ja. A bayansa muryar ta biyo shi, ba da ƙarfi ba.

"Ka kawo shimfiɗa, mai ruwa. Ɗayan mun san warinsa."

Da ya taka kwalta sai kwaɗi suka ɗauki kuka.

An kunna fitilar lambu. Matarsa na tsaye a bakin titi da mayafi a hannu, tana leƙen hanya. Auta na zaune a kan benci. A gabansa faranti, ya cinye tas. Rabonsa da cin abinci haka tun watan jiya. Makullin rumfar kayan aiki, wanda Mai Lambu ke ratayewa a ƙusa, na hannunsa yana juya shi.

Matar ta yi salati ta rugo. "Jini! Me ya same ka?"

Auta ya miƙe. Makullin ya faɗi. Bai dubi fuskar yayansa ba, bai dubi jinin ba. Ƙafafun ya duba.

"Ina takalman?"

Matar ta tsaya cak. Ta juya ta dube shi.

Mai Lambu ya zauna a kan bencin. Ya ɗauki makullin daga ƙasa ya sa a aljihu.

"Suna can," ya ce. "Ana shinshina cikinsu."

Auta ya zube a gwiwa. "Yaya, wallahi na ɗauka kai sun san ka. Na ce kai ba za su taɓa ka ba. Ni kullum da safe sai na tarar da ciyawar a bakin ƙofata, na kankare ta dawo, shekaranjiya a ƙarƙashin gado na gan ta. Ina da ƙananan yara, Yaya."

"In ka san sun san ni, me ya sa ka yanke silifas?"

Auta ya miƙa hannu zai taɓa ƙafar.

"Tashi ka ba ni wuri. Ke, kawo ruwan zafi."

Ƙafar hagu ba ta warke ba. Raunin ya rufe, amma tafin bai ƙara jin ƙasa ba, zafi ko sanyi. Mai Lambu ya koma tafiya da sanda. Bai ƙara sayar da ko tsinke ɗaya na ciyawar ba. Duk akwatunan da ke lambu ya loda a baro, ya yi ta kai su kwarin da sassafe, ba takalmi tun daga kwalta. Ya shimfiɗa, ya danna da tafin hannu, ya rufa buhu. Ba ta isa rufe ko kusurwa ɗaya ba, amma ta kama, tana yaɗuwa. Wadda aka kai otal kuwa ta bushe ƙurmus kafin a buɗe wurin.

Auta ya tattara iyalinsa tun a daren da abin ya faru. Ya kama ɗaki a can saman wani dogon bene a tsakiyar gari, inda babu ƙasa ko ta cika cokali, siminti ne da ƙarfe. Ya daina saukowa. Matarsa ke fita nema.

Bayan damina matar Auta ta zo lambu. Ta durƙusa nesa, ta gaida su.

"Baban yara ne ya aiko ki?" in ji matar Mai Lambu. "Wane takalmin kuma ya ba ki ki kawo?"

"Bai san na zo ba, Yaya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ciyawar ta fito a matakala. A tsagar siminti. Na zuba mata ruwan zafi, na zuba kananzir. Kullum sai ta ƙara hawa. Yaran sun fara cewa suna jin kukan jarirai a bayan ƙofa."

Mai Lambu na ɗaure dashe, bai juyo ba.

"In an yanka da wuƙa aka mayar da ita wajen uwar, tana lafawa kwana biyu," ya ce. "Wanda suka sani ne kawai zai taɓa ta."

"Kar ka ce za ka je," in ji matarsa. "Da wace ƙafar?"

Ya je. Har yau yana zuwa. Yakan hau benen da sanda, hawa ɗaya ya huta, ya tsuguna ya bi tsagogin siminti da bakin wuƙa, ya tara abin da ya yanka a jiƙaƙƙen buhu. Yaran kan leƙo su gaishe shi, ya amsa musu. Ƙofar ba ya ƙwanƙwasawa.

Ran nan yana kan matakalar ƙarshe sai ya ji motsi a bayan ƙofar. Wani ya jingina da ita ya zame har ƙasa.

"Yaya."

Wuƙa na ta kankara.

"Yaya, ka yi mini magana ko zagi ne. Tunda kana zuwa, ai har yanzu ni ɗan'uwanka ne. Ko ba haka ba?"

Mai Lambu ya goge wuƙar a wando, ya ƙulle bakin buhu, ya dafa sanda ya miƙe.

"Uwar da ta haife mu nake yi wa aiki," ya ce. "Kai ban san ka ba."

Ya juya ya fara sauka.